Fiyus ɗin mota: Ɗan hakin da direbobi ke rainawa

Wata safiya cikin hunturun bara na kama hanyar Kaduna daga Abuja a tsohuwar motata 'yar Kwatano. Kafin in isa Zuba sai na lura wayar salulata ba ta karɓar caji, ga shi batirinta ya kusa ƙarewa, domin mun kwana babu wutar lantarki a unguwarmu. Duk wanda ya san wannan hanya ya san ba a son bin ta da matacciyar waya, don iyali kan so su riƙa jin inda matafiyi ya kai.

Na tsaya a bakin titi wurin wani matashi mai gyaran wayarin mota. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wani ɗan abu shuɗi da bai kai ɗan yatsa ba, ya ɗaga shi sama ya nuna mini cewa ɗan ƙarfen da ke cikinsa ya tsinke. Ya ce ba shi da irinsa a hannu, amma zai yi mini dabara. Sai ya fere wata tsohuwar wayar wuta, ya zare sili uku na jan ƙarfe, ya naɗe ƙafafun fiyus ɗin da su, ya mayar. Nan take fitilar caja ta kama. Na sallame shi ina ta godiya.

Bayan na wuce mahaɗar Jere, a wani wuri mai gargada, sai na ji ƙaurin roba. Kafin in ankara wani siririn hayaƙi ya fara fitowa ta gefen giya. Na gangara gefe na kashe mota, hayaƙin ya lafa. Na zare fiyus ɗin dabara, na ƙarasa Kaduna ba caji, ba rediyo.

Dattijon da ya buɗe wurin a Kaduna ya tarar da wata waya da aka taɓa jonawa a bayan soket ɗin lokacin da aka sanya wa motar sabuwar rediyo. Salatif ɗin da aka naɗe ta da shi ya saki, don haka duk lokacin da mota ta faɗa rami sai wayar ta taɓa ƙarfe. Robar da ta lulluɓe wayar ta narke tsawon taƙi guda, har ta fara cin na maƙwabtanta. Ya dube ni ya ce, “Malam, Allah ne ya kiyaye. Fiyus ɗin nan bai yi laifi ba, ga inda ciwon yake.”

Abin da na kashe a gyaran ranar ya ninka kuɗin fiyus sau da yawa, alhali sabon fiyus bai kai kuɗin litar fetur guda ba. Wannan ne ya sa na ga dacewar a yi wa masu motoci bayanin wannan ɗan abu: mene ne aikinsa, yaya ake gane ya ƙone, yaya ake sauya shi, kuma yaushe ne ya kamata mutum ya cire hannunsa ya nemi gwani.

Daga kunna sigari zuwa cajin waya

Ramin da muke soka caja a cikinsa ba don caji aka ƙirƙire shi ba. Tun a tsakiyar shekarun 1920 motocin Amurka suka fara zuwa da abin kunna sigari mai aiki da lantarki. Samfurin da aka fi sani, wanda ake dannawa ya yi ja sannan ya fito da kansa, kamfanin Casco na Amurka ne ya samar da shi a 1956. Da zamani ya sauya, masu ƙera kayan lantarki suka ga cewa ga wuta nan a shirye a kowace mota, sai suka shiga yin na'urori masu kai daidai da wannan rami. Yau motoci da dama ba sa zuwa da abin kunna sigarin ma, sai ramin kawai da murfinsa, an rubuta 12V a kai.

A Najeriya wannan soket ya wuce abin ƙawa. Direban da ke ɗaukar fasinja ta manhajar Bolt ko Uber ko inDrive a Abuja, wayarsa ce ofishinsa. Idan ta mutu, kasuwar ranar ta tashi. Direban motar haya mai dogon zango da ita yake jin labarin hanya daga abokan aikinsa. Magidanta da yawa kuma a mota suke cajin waya da fitila idan aka ɗauke wuta. Wasu na jona injin hura taya, wasu kyamarar da ke ɗaukar hoton hanya, wasu ƙaramar inbata don kwamfutar tafi-da-gidanka. Wato an ɗora wa ramin da aka yi don aikin daƙiƙoƙi kaɗan nauyin aikin yini guda.

Tsarin soket ɗin mai sauƙi ne. Ɗan ƙarfen da ke can ƙuryar ramin, a tsakiya, shi ke kawo wuta daga batir. Bangon ramin kuma shi ne hanyar da wutar ke komawa, domin a haɗe yake da ƙarfen jikin mota, wanda shi ma ke haɗe da ɗaya kan batir mai alamar ɗebewa. Duk ƙarfen da ya haɗa tsakiyar da bangon kai tsaye, to ya buɗe wa wuta gajeriyar hanya, abin da masu gyara ke kira shot.

Aikin fiyus

Batirin mota na iya sakin wuta mai yawan gaske a lokaci guda, domin shi ke juya inji a lokacin tayarwa. Siririyar wayar da ke zuwa soket ba za ta iya ɗaukar ko kusa da hakan ba. Idan aka samu shot, wutar da za ta bi ta cikinta za ta iya mayar da ita ja kamar garwashi cikin daƙiƙoƙi. Saboda haka aka sanya fiyus a kan hanya: wani ɗan siririn ƙarfe da aka auna shi da gangan don ya narke ya yanke wuta tun kafin wayar ta yi zafi. Fiyus dai an yi shi ne domin ya mutu a madadin wayarin, kuma wayarin yake karewa, ba cajar da aka jona ba.

Lambar da ke rubuce a kan fiyus tana nuna yawan wutar da zai bari ta wuce, a ma'aunin da ake kira amfiya. Lissafin bai da wuya: idan aka ninka bolt da amfiya, sai a samu wat, wato ƙarfin da na'ura ke ci. Wutar ƙananan motoci bolt 12 ce. Don haka soket ɗin da aka ƙayyade wa amfiya 10 zai ɗauki na'urar wat 120, kuma wannan ne iyakar da littattafan motocin Toyota da yawa suka gindaya. Cajar waya mai wat 20 ba ta wuce amfiya 2 ba, ba ta da wata damuwa. Injin hura taya kuwa yakan ja tsakanin amfiya 10 zuwa 15. Inbata mai wat 300, idan aka cika mata kaya, amfiya 25 take nema, wanda ya fi ƙarfin mafi yawan soket. Irin wannan kai tsaye ake haɗa ta da batir, da wayoyi masu kauri da fiyus nata na daban.

Fiyus mai ƙafafu biyu faffaɗa da jikin roba, wanda ke cikin akasarin motocin da ke kan titunanmu, kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a 1976. An ba kowace lamba launinta domin sauƙin ganewa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari mai garai-garai 25, kore 30, ruwan ƙasa mai duhu kuma 7.5. Fiyus ɗin soket galibi yakan kasance 10 ko 15 ko 20. Sai dai tsofaffin motocin Jamus, irin su Marsandi ta shekarun 1980, suna amfani da wani dogon fiyus mai tsinin kai biyu wanda launinsa ke da wata ma'ana daban: a can fari 8 ne, ja 16, shuɗi 25. Shi ya sa lambar da ke rubuce ta fi launi zama abin dogaro.

Haka nan girman jikinsu ya bambanta. Akwai babba na asali, akwai ƙarami, akwai ƙarami mai gajerun ƙafafu da ake yawan samu a motocin Japan na baya-bayan nan, akwai kuma wasu da suka fi su ƙanƙanta. Wanda zai je sayen fiyus ya tafi da tsohon a aljihu.

A fara da abin da ya fi sauƙi

Kafin a taɓa akwatin fiyus, a tabbatar cewa laifin na mota ne. Sau da yawa igiyar caji ce ta karye daga ciki, ko bakin wayar salula ya cika da ƙura. A gwada wata igiyar. A duba ko ɗan hasken da ke jikin caja ya kama. A gwada cajar a wata motar, ko a ari ta wani a gwada a taka.

A kuma tuna cewa a yawancin motocin Japan soket ba ya samun wuta sai an murɗa makulli zuwa matakin da aka rubuta ACC, ko an danna maɓallin tayarwa sau ɗaya ba tare da taka birki ba. A wasu motocin kuwa, musamman na Amurka, akwai soket ɗin da ke da wuta ko da mota na kashe. Idan motar na da soket fiye da ɗaya, a gwada sauran. Idan na gaba ya mutu na baya na aiki, to an rage wurin bincike.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, kan na'urori da yawa, kamar injin hura taya da inbata, yana da nasa ɗan fiyus na gilashi a ciki. Ana warware tsinin kan da hannu, sai ga fiyus ɗin da ɗan sifirin da ke tura shi. Idan shi ne ya ƙone, soket ɗin mota lafiyarsa ƙalau.

Bayan wannan sai a kashe mota, a zare makulli, a haska cikin ramin da tocila. Abubuwan da ake tsinta a ciki suna da ban mamaki: fil ɗin mayafi, ɗan kunne, ƙusa, takardar alawa mai ƙyalli, ko tsinin wata caja da ya karye ya maƙale. Yara kan cusa duk abin da hannunsu ya kai gare shi. Ƙurar hunturu da lemon da ya zube ko ruwan masu wankin mota kuma kan haɗu su zama tsatsa a kan ƙarfen tsakiya. A ciro abin da aka gani da tsinken itace ko na roba. Kada a soka sukudireba ko makulli, domin idan soket ɗin mai wuta ne a kowane lokaci, mutum da hannunsa zai haddasa shot ɗin da yake nema. Idan ana shakka, a fara zare fiyus ɗin kafin a yi shara.

Inda akwatin fiyus yake

Mafi yawan motoci suna da akwatin fiyus biyu ko fiye. Ɗaya yana cikin ɗakin inji, kusa da batir, a cikin baƙin akwatin roba. Ɗayan yana cikin mota: ƙarƙashin sitiyari ta gefen ƙofar direba, ko a gefen dashbod inda sai an buɗe ƙofa ake ganin murfinsa, ko bayan ɗan akwatin ajiya da ke gaban fasinja. Wasu motocin Turai suna da na uku a cikin but. Fiyus ɗin soket ya fi yawa a akwatin cikin mota.

Littafin da ke zuwa da mota shi ne jagora mafi inganci, amma kowa ya san motocin da suka shigo ta Kwatano ko tashar jiragen ruwan Legas ba kasafai suke isowa da shi ba. Abin farin ciki, a bayan murfin akwatin yawanci akwai taswirar da ke nuna wurin kowane fiyus da lambarsa. A nemi inda aka rubuta CIG, ko LIGHTER, ko P/OUTLET, ko PWR OUTLET, ko ACC SOCKET, ko kuma hoton sigari mai hayaƙi. Motocin Turai kan sa lambobi maimakon sunaye, sai a duba jadawalin da ke fassara lambobin. Idan murfin ya ɓata, kamfanoni da yawa sun sanya littattafan motocinsu a intanet kyauta. A nema da sunan mota da shekarar da aka ƙera ta, domin jeren fiyus kan sauya daga shekara zuwa shekara.

Akwai wata alama da ke taimakawa. A wasu motoci soket yana raba fiyus da agogo ko rediyo ko madubin gefe mai motsi da lantarki. Idan waɗannan sun mutu a lokaci guda da soket, kusan tabbas fiyus ne.

Kafin a zare komai, a ɗauki hoton akwatin da wayar salula. Mutane da dama sun zare fiyus biyar suna bincike, suka manta wanne ne na ina, suka koma gida da matsalar da ta fi ta farko.

Cirewa da gwaji da sauyawa

Mota a kashe, makulli a hannu. A cikin akwatin da ke ɗakin inji yawanci akwai ɗan matsefin roba, fari ko rawaya, da aka ajiye don zare fiyus, tare da wasu fiyus na ko-ta-kwana. Idan babu matsefin, filaya mai tsinin baki za ta yi, amma a kama a hankali kada robar ta fashe. A ja shi a miƙe, ba a jujjuya ba.

A ɗaga shi a haske. A cikin robar za a ga ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ya haɗa ƙafafun biyu. Idan ya rabu, fiyus ya ƙone. Yanayin ƙunar ma yana ba da labari. Idan ƙarfen ya tsinke ne kawai, robar na nan garau, alama ce ta cewa an ɗora wa layin kaya fiye da kima. Idan cikin ya yi baƙi ƙirin, wuta ce mai yawa ta wuce a lokaci guda, wato shot. Idan kuwa robar ce ta narke ko ƙafafun suka sauya launi alhali ƙarfen bai tsinke ba, to ramin da fiyus ke zama ya saki, ko kuma fiyus ɗin jabu ne.

Wani lokaci tsagar kan yi ƙanƙanta har ido ba ya gani. A nan ne testa mai ƙwan fitila ke da amfani, kuma ba ta da tsada. A maƙala bakinta a jikin wani noti mara fenti, a murɗa makulli zuwa ACC, sannan a taɓa tsininta a kan ƙananan ƙarafa biyu da ke leƙowa a saman fiyus, ba sai an zare shi ba. Idan fitilar ta kama a duka biyun, fiyus lafiya yake. Idan ta kama a ɗaya kawai, ya ƙone. Idan ba ta kama ko ɗaya ba, wutar ce ba ta iso wurin ba, sai a nemi matsalar a gaba da shi.

Ƙa'idar sauyawa guda ɗaya ce: lamba ɗaya, girma ɗaya. Idan 15 aka cire, 15 za a mayar. A danna shi ya zauna daram daidai da 'yan uwansa. Idan ana kan hanya babu sabo, ana iya aron mai lamba ɗaya, ko wanda bai kai ta ba, daga abin da za a iya haƙura da shi na ɗan lokaci, kamar rediyo. Ba a aro daga na birki, ko jakar iska ta kariya, ko famfon mai, ko fitilun gaba, ko majanyin ruwan gilashi.

Bayan an sanya sabon, kada a yi gaggawar soka caja. A murɗa makulli tukuna, soket ɗin ba komai a ciki, a jira kaɗan, a duba ko fiyus ɗin ya tsira. Sannan a jona cajar da aka tabbatar da lafiyarta. Mai na'urar awon wuta zai ga kimanin bolt 12.4 zuwa 12.6 idan inji na kashe kuma batir na da ƙarfi, sannan 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. Akwai cajojin da ke nuna wannan lamba a jikinsu, kuma sun fi aminci ga wanda bai saba ba, domin soka tsinin na'urar awo a cikin ramin na iya haɗa tsakiya da bango.

Idan sabon ya sake ƙonewa

Ruwa ba ya tsami banza. Fiyus na iya gajiya ya tsinke bayan shekaru, amma idan sabo ya bi sawun tsoho, akwai dalili, kuma lokacin da ya ƙone shi ke nuna inda dalilin yake.

Idan ya ƙone nan take da murɗa makulli, ba a jona komai ba, to akwai shot a cikin soket ɗin ko a wayar da ke zuwa gare shi. A sake haskawa. Idan ramin fes yake, aikin ya koma na mai gyara, wanda zai cire jonin da ke bayan soket ɗin ya gwada. Idan fiyus ya daina ƙonewa bayan an cire jonin, soket ɗin ne ya lalace, kuma sauya shi ba babban aiki ba ne. Idan bai daina ba, wayar ce ta goge a wani wuri.

Idan sai an soka wata na'ura takamaimai yake ƙonewa, na'urar ce mai laifi. Cajoji masu arha da ake tallarsu a cunkoson ababen hawa sukan zo da ƙarafan gefe da ke lanƙwashewa su taɓa tsakiya.

Idan yakan yi minti biyu ko biyar yana aiki sannan ya yanke, kaya ne suka yi masa yawa. Wannan ya fi faruwa da injin hura taya, da butar dafa ruwa, da kuma abin raba soket gida uku da ake cika wa na'urori. Abin rabawar ramuka yake ƙarawa, ba ya ƙara ƙarfin layin.

Idan kuwa sai a kan hanya mai ramuka yake ƙonewa, irin abin da ya same ni ke nan: wata waya ce ke lilo tana taɓa ƙarfe. A fara bincike daga duk inda hannun mutum ya taɓa shiga, wato inda aka jona rediyo, ko na'urar bibiyar mota, ko ƙararrawar ɓarayi, ko fitilun ado, domin layin soket ne masu irin wannan aiki suka fi jan wuta daga gare shi. A kuma duba ɓarnar ɓera, musamman a motar da ta daɗe a ajiye.

Akwai kuma yanayin da fiyus lafiya lau amma soket ba wuta. Mai yiwuwa jonin baya ne ya zame, ko wayar komawa ta saki daga jikin ƙarfe, ko tsatsa ta rufe tsakiyar ramin, ko rile ɗin da ke ba layin wuta ya mutu. Wasu soket na kunna sigari ma suna da wata 'yar kariya a bayansu da ke yankewa idan zafi ya yi yawa, kuma idan ta yanke sai dai a sauya soket ɗin. A nan ya dace a ja kunne: ramin da aka yi don na'urori kaɗai ba a soka abin kunna sigari a cikinsa, ko da ya shiga, domin ba shi da maƙalan da ke sakin sa idan ya yi ja, ba a kuma yi shi don jure wannan zafi ba.

Garin neman gira

Dabaru uku ne suka fi yawa a bakin titi: naɗa silin waya, cusa takardar kwalin sigari mai ƙyalli, da sanya fiyus mai babbar lamba. Na ukun ya fi yaudara, domin a ido gyara ne mai tsafta. Direba ya gaji da shuɗi mai ƙonewa, sai a ce masa ya sa kore, ya fi ƙarfi. Amma wayar da ke bayan dashbod ba ta ƙara kauri ba. A ilimin lantarki, idan wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin da take haifarwa sau huɗu yake ninkawa. Wanda ya maye gurbin 15 da 30 ya ba wayar izinin yin zafi ninki huɗu kafin wani abu ya yanke. Wanda ya naɗa jan ƙarfe kuwa ya cire iyakar da masu ƙera motar suka auna, wayarin ne da kansa ya zama fiyus.

Wurin da wannan zafi ke taruwa kuma shi ne mafi muni: bayan dashbod, tsakanin roba da soso da kafet, inda ido ba ya gani, inda kuma gomman wayoyi ke ɗaure a dami ɗaya. Idan ɗaya ta narke takan ci sauran, har wutar ta bi ta kai ga kwamfutar da ke sarrafa inji, wadda kuɗinta ba na wasa ba ne.

Sai batun jabu. Akwai fiyus masu launi da lamba daidai, amma ƙarfen cikinsu ba a auna shi ba, ba ya yankewa a inda ya kamata. Araha ba ta ado. Ko a kasuwar Zuba mutum yake, ko unguwar kanikawa ta Apo, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya nemi amintaccen mai shago, ya duba cewa lambar ta fito sarai, ƙafafun ba sa lanƙwashewa da ɗan matsi, robar kuma ba ta da kaushin gefe. Fiyus na asali da aka ciro daga wata motar, matuƙar bai ƙone ba, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba.

Lokacin cire hannu

Sauya fiyus aiki ne da kowane direba, mace ko namiji, zai iya yi cikin minti goma. Amma akwai inda ya kamata a tsaya. Idan sabon fiyus ya ƙone sau biyu a jere, kada a sa na uku. Idan aka ji ƙaurin roba, ko aka ga hayaƙi, ko akwatin fiyus ya yi zafi ko ya narke, a kashe mota, a fitar da fasinjoji, idan da hali a kwance kan batir mai alamar ɗebewa. Masu motocin da ke haɗa fetur da lantarki su nisanci duk wata waya mai ruwan lemo, domin wutar da ke cikinta na iya kisa. Manyan motoci kuma da yawansu bolt 24 suke amfani da shi, don haka a karanta jikin na'ura kafin a jona ta a tirela ko babbar bas.

Idan an je wurin mai gyara, a gaya masa daidai lokacin da fiyus ɗin ke ƙonewa da abin da aka jona, a nuna masa wanda ya ƙone. A nemi ya nuna inda matsalar take kafin ya rufe. Wanda ya ce zai ƙara lamba ko zai yi dabara, a yi masa godiya a nemi wani.

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta wajabta wa kowace mota ɗaukar tukunyar kashe gobara, kuma ya kamata a ajiye ta inda hannu zai kai, ba can ƙarƙashin kaya a but ba. A gefenta, ni dai tun daga ranar Jere na ƙara wani ɗan guzuri a akwatin gaban mota: fiyus biyu-biyu na 10 da 15 da 20 irin na motata, ɗan matsefi, ƙaramar tocila da testa. Dukkansu sun shige cikin gwangwanin alawa guda. Sau ɗaya na buƙace su tun daga lokacin, a hanyar Keffi, inda na tarar ɗan autana ya jefa fil ɗin mahaifiyarsa a ramin. Na ciro shi da tsinken sakace, na sa sabon fiyus, muka ci gaba da tafiya.